Yadda Ake Kiwon Tana a Gida Don Mayar da Ɓawon Kicin Taki

Uwargida, tsaya ki duba abin da ke fita daga kicin ɗinki a yini guda: ɓawon doya ko na dankali, ɓawon ayaba, itacen alayyahu bayan an tsinke ganye, gindin kabeji, ganyen shayin safe, ɓawon ƙwai, da tumatirin da ya lotse a ƙasan kwando. Mai akuya ta huta, akuyarta za ta ɗauke mata fiye da rabi. Wadda ba ta da dabba kuwa sai ta ƙulle a leda ta ba yaro ya kai bola, ta kuma biya shi ladan kaiwa. Jibi ita ce za ta aika a auno mata takin zamani saboda tumatir da attaruhun da ta shuka a buhu. Na daɗe ina wannan asara kashi biyu kafin in fara kiwon tana.

Da gangan na ce kiwo. Wadda ta ɗauki abin a matsayin ƙaramin juji, ta riƙa juye duk abin da ta ga dama tana rufewa, cikin mako biyu za ta tarar da wari da ƙuda da gawarwaki. Tana rai gare ta. Tana son inuwa, tana son danshi, akwai abin da take ci akwai wanda ke kashe ta. Idan kin taɓa riƙe 'yan tsaki har suka girma, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma irin wannan idon ake sa masa.

Ba kowace tana ce ke aikin ba

Nan ne mutane da yawa ke fara kuskure. Wannan doguwar tanar mai kauri, mai launin ƙasa-ƙasa, da ake tonowa da fartanya a gona, aikinta haƙa rami can ƙasa, kuma ƙasa take haɗiya. Kika sa ta a roba za ta yi ta neman hanyar fita har ta mutu. Wadda muke so ita ce mai zama a sama-sama, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye da tsohon kashin shanu. Ja ce ko ja mai duhu, kuma da kin taɓa ta sai ta yi ta mutsu-mutsu kamar an ɗana mata wuta.

Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai Eisenia fetida, 'yar ƙarama ja mai ratsi-ratsi, wadda aka fi kiwo a Turai da Amurka. Tana da juriya, amma ta fi sakewa idan zafi na tsakanin digiri 15 zuwa 25. Akwai kuma Eudrilus eugeniae, wadda asalinta 'yar Afirka ta Yamma ce, daga nan aka ɗauke ta aka bazu da ita Indiya da sauran ƙasashe masu zafi. Ta fi waccan tsawo da kauri, jikinta na sheƙi, kuma ta fi son ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 30. A ganina ita ta fi dacewa da mu. Sanyi ne kawai ba ta so, don haka mutanen Jos su shigar da ita ɗaki a daren hunturu.

Idan kin san mai kiwo, ki sayi rubu'in kilo ko rabin kilo, ki kuma roƙa a haɗo miki da ɗan takin da suke ciki, domin akwai ƙwai a ciki kuma sun saba da shi. Idan babu, ki jira damina. Ki sami wuri mai inuwa kusa da garke, ko gindin ayaba, ko gefen fadama, a zuba tsohon kashin shanu, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda zuwa kwana goma a ɗaga buhun, jajayen da suka taru a ƙarƙashinsa su ake so. Yaran da ke kamun kifi da fatsa sun fi kowa sanin inda take, ki tambaye su.

Mazubi

Faɗi ake nema, zurfi ba shi da wani amfani, domin duk aikin a saman ake yinsa. Zurfin santimita 25 zuwa 30 ya wadatar, wato kamar taƙi ɗaya da rabi. Bahon wanki na roba, jarka mai lita 25 da aka kwantar aka yanke gefe guda, akwatin katako, duk suna yi. Jarka dai a tabbatar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba. Kada ki yi amfani da roba mai nuna abin da ke ciki, tana ba ta son haske ko kaɗan. Ƙarfe kuma yana ɗaukar zafi yana tsatsa, a bar shi.

Ni abin da na fi yabawa shi ne tsohuwar randa mai faɗin baki, wadda ta tsage ta daina riƙe ruwa. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi, shi ne zai riƙe miki tana a bazara: jikin randar na tsatso da danshi, iska ta busa, ciki ya yi sanyi. Da wuya a sami mazubi mai araha irin wannan.

Idan roba ce, ki ɗora ƙusa a wuta ta yi ja, ki riƙe da filaya, ki huda ƙasan wuri 10 zuwa 15 don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ki ƙara huda kewayen sama, kusa da baki, saboda iska. Randa kuma a huda gindinta a hankali wuri ɗaya ko biyu idan tsagar ba ta kai ƙasa ba. Ki shimfiɗa yankin tsohon gidan sauro a ciki ya rufe hudojin ƙasa, kada tana ta sulale. Marfi kuwa, gidan sauron nan za ki ɗaure a baki da igiya ko robar taya, ki ɗora faifai ko katako a kai. Kada a toshe ruf, numfashi suke yi.

Inda za ki ajiye, wanda shi ne rabin aikin

Tanar farko da na yi kiwo, watan Afrilu ne ya cinye ta. Na ajiye bahon a rumfar kwano ina ganin ai inuwa ce. Na yi tafiyar kwana biyu biki, na dawo na buɗe, warin da ya buge ni har yau ban manta ba. Duk sun narke. Littattafan da ake rubutawa a ƙasashen sanyi tsoron ƙanƙara suke koya wa mutum, mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, inda zafin bazara ke haura digiri 40, rana ce abokiyar gaba. Da zarar cikin mazubin ya wuce digiri 35, tana ta fara mutuwa ke nan.

Saboda haka ki nemi wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Yawanci inda kika ajiye randar ruwan sha, nan ne. Gindin bishiya mai duhun inuwa, ɗakin ƙasa, ƙarƙashin matakala, ko lungun da rana ba ta leƙawa da yamma. Ki lura da kyau, wurin da ke da inuwa da hantsi yana iya zama tsakiyar rana da la'asar. A bazara ki naɗe mazubin da buhun algarara, ki riƙa jiƙa shi safe da yamma. Ki riƙa cusa hannu cikin shimfiɗar da azahar. In kin ji sanyi-sanyi, lafiya. In kin ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, a canza wuri a ranar. Da damina kuma kada ruwan sama ko na indararo ya zuba ciki, nutsewa za su yi.

Sai maganar tururuwa da kiyashi da cinnaka, da uwa uba kwarkwasa, wadda in ta faɗa wa mazubi a dare ɗaya za ta share shi. Kada mazubin ya taɓa ƙasa ko bango. Ki ɗora shi a kan kujera 'yar tsugunne ko ƙaramin benci, ki tsoma kowace ƙafa a gwangwani mai ruwa. Ki riƙa canza ruwan duk bayan kwana uku ko huɗu, ko ki ɗiga masa ɗan mai, don kada garin gudun tururuwa ki yi kiwon sauro. A ƙarƙashi ki ajiye kwano ya tari ruwan da ke ɗiga. Kaji, ɓera, ƙadangare da kwaɗo duk nama suke gani, marfin nan shi ne maganinsu.

Shimfiɗa

Shimfiɗar ita ce ɗakinsu, kuma a hankali ita ma cinye ta za su yi. Ki yayyaga kwali ƙanana-ƙanana, bayan kin ɓare salatif ɗin da ke jiki. Kwalin ƙwai ya fi kowanne. Ki haɗa da tsohuwar jarida, busasshen ganye, ƙaiƙayi ko ɗan yankakken tattaka. Takarda mai sheƙi kada ta shiga. Ki jiƙa su a ruwa su kwana. In ruwan famfo ne mai warin magani, ki tara shi a buɗe ya kwana tukuna. Na rijiya da na burtsatse ba matsala.

Da safe ki matse. Ga gwajin da za ki riƙa yi har abada: ki damƙi shimfiɗar a hannu ki matsa da ƙarfi. Ɗigo ɗaya ko biyu su fito, shi ne daidai. Ya zubo shaaa, ruwa ya yi yawa. Bai fito ba sam, ya bushe. Tana ba ta da huhu, ta fatarta take numfashi, kuma sai fatar na da laima iskar ke shiga. Bushewa shaƙewa ce a wurinta, cikar ruwa ma haka.

Ki gauraya wannan da tsohon kashin shanu wanda ya sha iska ya daina wari da zafi, kamar kashi ɗaya na kashin shanu cikin uku na sauran. Ɗanyen kashi yana ɗaukar zafi, na kaji kuwa ƙarfinsa ƙone su yake yi, kada ki kusanto da shi. A kuma guji na dabbar da aka ba maganin tsutsar ciki kwanan nan. Ki watsa ƙasa cikin tafin hannu guda. Tana ba ta da haƙori, ƙundu gare ta irin na kaza, da 'yan ƙwayoyin yashi take niƙa abinci.

Ki zuba a mazubin ya kai kamar santimita 15 zuwa 20, sako-sako, ba tare da dannawa ba. Ki rufe ki bar shi kwana biyar zuwa mako guda. In kin sa hannu ba ɗumi, ya yi.

Ranar tarewa

Da yamma ki juye tanar a saman shimfiɗar, ki bar marfin a buɗe a wurin da ke da haske. Da kansu za su nutse cikin 'yan mintoci. Wadda ta kwanta a sama ba motsi bayan awa guda, ki cire ta. Ki rufe saman da jiƙaƙƙen kwali ko yankin buhu, sannan marfi. Kwana biyu na farko kada ki ba su komai. Wasu za su hau bango suna neman gudu, musamman 'yar Afirkan nan, yawo gare ta. Ki bar fitila kusa da su a daren farko da na biyu, hasken zai mayar da su ƙasa har su saba.

Ciyarwa

Za ki ji ana cewa tana na cin rabin nauyinta a yini. Wannan sai ta zauna ta saba, yanayi kuma ya yi mata daɗi. Sababbin zuwa ba sa kaiwa nan. Ga rubu'in kilo na tana, ki fara da cikin gwangwanin madara ɗaya ko biyu na yankakken ɓawo, sau biyu a mako. Ki tona gefe guda, ki zuba, ki rufe da shimfiɗa yadda ƙuda ba zai gani ba. Karo na gaba ki tona wani gefen, ki yi ta zagayawa. Dokar guda ce: ba a ƙara sabo sai na baya ya kusa ƙarewa. Ban taɓa jin wadda yunwa ta kashe wa tana ba, amma waɗanda ƙoshi ya kashe wa suna da yawa, domin abincin da ya taru tsami yake yi ya ɗau zafi.

Ki riƙa yankawa ƙanana. Asali ma ba ɗanyen ɓawon suke ci ba, jira suke ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su fara ruɓar da shi ya yi laushi, sannan su zuƙe gaba ɗaya. Shi ya sa nake tara nawa a 'yar roba mai marfi ya kwana biyu kafin in ba su.

Abin da suke so: ɓawon kankana da kabewa da gwanda da mangwaro da ayaba, waɗannan kamar alewa suke a wurinsu. Sai ganyaye irin su alayyahu, latas, kabeji, zogale, da ɓawon karas, kokwamba, dankali da doya. Ganyen shayi, in na jaka ne a farke a zubar da jakar. 'Yar dusa kaɗan, a barbaɗa kamar gishiri a miya, in ta yi yawa zafi take kawowa. Ɓawon ƙwai kuma ki shanya ki daka ya yi gari, ki riƙa barbaɗa cokali ɗaya a mako, yana kashe tsami yana kuma taimakon ƙundu.

Abin da ba ya shiga: nama, kifi, ƙashi, madara, da duk abin da manja ko man gyaɗa ya taɓa. Ragowar miya da dafa-duka ba sa shiga, saboda gishiri da sinadarin ɗanɗano da yaji. Gishiri ga mai numfashi ta fata ai guba ne. Barkono, attaruhu, tafarnuwa da citta a bar su. Albasa da ɓawon lemo, in ma za a sa, ɗan mitsitsi. Toka da kanwa da ruwan wanke-wanke mai sabulu, ko kusa. Toka tana da amfani a gona, amma a nan ƙuna ce. Ɓawon rogo sai ya ruɓe a wani wuri na makonni tukuna. Kashin mutum, na kare da na kyanwa haram ne a wannan mazubi, domin takin tana ba ya ɗaukar zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta, ga shi kuma a kan abin da za a ci zai ƙare.

Duk lokacin da kika zuba abinci mai ruwa, ki bi shi da ɗan busasshen kwali. A hunturu iska na zuƙe danshi da sauri, ki riƙa yayyafi da hannu kusan kullum. Yayyafi na ce, ba kwarara ba.

Idan abu ya ɓaci

Hancinki ne likita. Lafiyayyen mazubi ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka yake yi. Kika ji wari ko tsami, abinci ya yi yawa ko ruwa ya kwanta. Ki kwashe abin da ya ruɓe, ki zuba busasshen kwali, ki ɗaga shimfiɗar da yatsu iska ta shiga, ki daina ciyarwa mako guda. Kada ki sa wuƙa ko cebur, kuma maganar da yara ke yi cewa in an raba tana biyu kowane ɓangare zai rayu, ba haka ba ne.

Ƙananan ƙudaje na nufin kin bar abinci a fili. Tururuwa a ciki na nufin ya bushe, ko gwangwanin ƙafa ya ƙafe. Idan kika ga duk sun taru a marfi da bango suna son fita alhali sun daɗe da sabawa, cikin ne ya gagare su, ki duba zafi da tsami da ruwa nan take. Wani lokaci za ki ga wasu tsutsotsi masu kauri, masu launin toka ko ruwan ƙasa, suna cin abincin da sauri. 'Ya'yan wani baƙin ƙuda ne mai kama da zanzaro. Ba sa cizo, ba sa cin tana, amma in sun yi yawa suna ƙwace abinci su ɗumama wurin. Ki tsince su ki watsa wa kaji, za su yi miki godiya.

Wata rana kuma za ki tona ki ga 'yan ƙwayoyi masu launin rawaya, girman ƙwayar dawa, masu siffar lemon tsami. Ƙwansu ne, kuma alama ce ta cewa sun yarda da gidan. Kowace tana mace ce kuma namiji ce a lokaci guda, amma sai biyu sun haɗu. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kamar mako biyu zuwa uku, 'ya'yan su balaga cikin wata biyu ko ƙasa da haka. In komai na tafiya daidai, yawansu kan ninka cikin wata biyu zuwa uku.

Kwashe taki

Bayan wata biyu zuwa huɗu za ki ga kwali da ganye sun ɓace, abin da ya rage baƙi ne mai laushi kamar garin shayi da ya jiƙe. Kashin tana ke nan, shi ne takin. Kada ki yi mamakin ƙanƙantarsa, yawancin ɓawo ruwa ne.

Hanya mai sauƙi ita ce ki ture komai gefe guda, ki zuba sabuwar shimfiɗa a ɗaya gefen, ki koma ciyarwa a can kaɗai. Cikin mako biyu zuwa uku yawancinsu sun ƙaura, sai ki kwashe tsohon. Mai gaggawa kuma ta daina ba su abinci da ruwa kwana uku, ta shimfiɗa buhu a inuwa mai haske, ta juye, ta yi 'yan tsibi-tsibi kamar mai tallan tumatir. Tana za ta gudu ƙasan tsibin. Bayan minti goma ki kwashe sama, ki jira, ki sake kwashewa, har ya rage dunƙulen tana zalla, ki mayar da su sabuwar shimfiɗa. Yara na son wannan aikin, sai dai a sa su wanke hannu da sabulu bayan an gama. Kada a yi shi a tsakar rana, minti kaɗan rana ke buƙata.

Ki tankaɗe da rariya mai manyan ido, abin da bai wuce ba da ƙwan da kika gani ki mayar ciki. Takin a bar shi ya sha iska a inuwa, a ajiye a buhu da ɗan danshinsa. Kada a shanya shi ya bushe ƙayau, ƙwayoyin halittar da ke cikinsa na daga cikin amfaninsa.

Yadda za ki yi amfani da shi

Ga shukar buhu ko tukunya, ki haɗa kashi ɗaya na takin da kashi huɗu na ƙasa. Wajen dashen tumatir, tattasai ko yalo, cikin hannu guda a kowane rami. Shukar da ta riga ta girma, ki barbaɗa a kewayen gindi, ki rufe da ƙasa ko ciyawa, ki ba da ruwa, ki maimaita duk wata. Ba ya ƙona saiwa yadda ɗanyen kashin kaji ko takin zamani ke yi in ya yi yawa. Za ki ga tumatir da kankana na tsirowa inda ba ki shuka ba, irin da ya bi ɓawo ne, ki cire ko ki dasa.

Gaskiya guda kuma, kada wani ya ruɗe ki. Yuriya na ɗauke da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin 100, takin tana kuwa yawanci bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba. Baho guda ba zai ciyar da gonar masara ba. Ƙarfinsa a wani wurin yake: yana sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe ruwa, ta riƙa sakin abinci a hankali, abin da jigawar ƙasarmu mai yashi ta fi rasawa ke nan. Ga buhu goma ko ashirin na kayan miya a tsakar gida, ya isa har a ba maƙwabciya.

Ruwan da ke ɗiga a kwanon ƙasa kuwa, wasu na zuzuta shi, ni ina taka-tsantsan da shi, domin ya ratso ta abincin da bai gama ruɓewa ba. In yana wari, zubar da shi. In ba ya yi, ki sirka kofi ɗaya da kofi goma na ruwa, ki zuba a gindin fulawa ko bishiya, ban da kan latas da duk ganyen da ake ci ɗanye. In kwanon na cika da yawa ma, alama ce kina wuce gona da iri wajen ba da ruwa.

Idan tafiya ta kama ki, ta Sallah ko ta biki, mako biyu ba komai ba ne a wurinsu. Ki ƙara jiƙaƙƙen kwali mai yawa, ki binne yankin kabewa guda, ki cika gwangwanayen ƙafa. Abin da za ki bar wa na gida sallahu a kai shi ne buhun da ke naɗe da mazubin, a jiƙa shi safe da yamma, kada kuma kowa ya ji tausayinsu ya juye musu ragowar tuwo da miya.